Cikon juna da kwatancen matsaya a ilimin tattalin arziki

Cikon juna, a ilimin tattalin arziki, shi ne yanayin da ƙara yawan wani abu yake ɗaga amfanin da ake samu idan an ƙara wani abu na daban. Taki da ruwa su ne misalin da ya fi saurin shiga kai: buhun taki ya fi ƙara yabanya a ƙasar da take da laima, ruwa kuma ya fi biyan wahalar janyo shi a gonar da aka zuba wa taki. Kwatancen matsaya mai alƙibla ɗaya kuwa reshe ne na lissafi da ya tsiro daga wannan tunani. Tambaya ɗaya yake amsawa: idan yanayi ya sauya, kamar a ce farashi ya tashi ko an kawo sabuwar fasaha, ina zaɓin mai neman riba zai nufa, sama ko ƙasa? Ba ya faɗin yawan motsin da za a yi, inda za a dosa kawai yake nunawa. Masanin lissafi Donald Topkis ne ya aza harsashinsa na zamani a shekarar 1978, daga baya Paul Milgrom da John Roberts da Xavier Vives da Chris Shannon suka shigar da shi cikin nazarin kamfanoni, kasuwanni da dabarun gasa.

Babban abin da ake koya daga fannin shi ne cewa abubuwan da suke cikon juna tare suke tashi, tare suke faɗuwa, kuma rabin tsari ba lallai ne ya ba da rabin amfani ba. Wani lokaci ma asara yake jawowa.

Kalmomin da aka yi amfani da su

"Ciko" daga aikatau "cika" ya fito. A kasuwa, ciko shi ne ragowar kuɗin da mai saye yake bayarwa domin ciniki ya kammala. Kalmar "juna" da ke biye da shi ba ado ba ce, domin lissafi ya nuna cewa dangantakar ta ɓangare biyu ce: in dai taki yana ƙara wa ingantaccen iri daraja, dole ne ingantaccen iri ya ƙara wa taki daraja, kuma da adadi ɗaya. Kishiyar cikon juna ita ce madadin juna, wato abubuwan da samun ɗaya yake rage buƙatar ɗayan, kamar maganin feshi da 'yan ƙwadagon noma, ko garmar shanu da tarakta.

"Matsaya" tana nufin inda mai zaɓi ya tsaya bayan ya auna riba da asara. Ana cewa "kwatancen matsaya" saboda matsaya biyu ake ɗorawa a sikeli, ta kafin sauyi da ta bayansa, ba tare da bin diddigin tafiyar da ke tsakaninsu ba. "Alƙibla ɗaya" kuma na nufin duk lokacin da yanayi ya ƙaru, zaɓi ko dai ya ƙaru ko ya tsaya inda yake, amma ba zai koma baya ba. Kalmar "sufamodula" aro ce daga Turanci.

Misali daga gona

Alƙaluman da ke ƙasa ƙirƙirarsu aka yi don bayani kawai, ba sakamakon wani gwaji ba ne. A ɗauka wani manomi a Kurfi yana da gonar masara, kuma shawara biyu ce a gabansa: ya sa takin zamani ko kada ya sa, ya shuka ingantaccen iri ko ya tsaya kan wanda ya ajiye tun bara.

Tsohon iri, babu taki: buhu 10
Tsohon iri, da taki: buhu 14
Sabon iri, babu taki: buhu 11
Sabon iri, da taki: buhu 22

Taki ya ƙara buhu 4 a kan tsohon iri, amma ya ƙara buhu 11 a kan sabo. Ta ɗaya ɓangaren, sabon iri ya ƙara buhu 1 idan babu taki, ya ƙara buhu 8 idan akwai. Ratar iri ɗaya ce ta kowane gefe aka duba, wato buhu 7. A taƙaice, 22 da 10 sun haɗu 32, sun ɗara 14 da 11 da suka haɗu 25. Wannan rashin daidaito shi ne ma'anar cikon juna gaba ɗayanta, sauran lissafin faɗaɗa shi ne kawai.

Yanzu a sa kuɗi a ciki. A ce takin zai ci kuɗin buhu 6 na masara, irin kuma kuɗin buhu 2. Wanda bai sayi komai ba ya tsira da buhu 10. Wanda ya sayi taki kaɗai ya tsira da 8. Wanda ya sayi iri kaɗai ya tsira da 9. Wanda ya sayi duka biyu ya tsira da 14. Ke nan manomin da ya gwada taki shi kaɗai bana, ya gwada iri shi kaɗai baɗi, zai faɗi sau biyu, ya yanke hukunci cewa malaman gona ba su san abin da suke faɗa ba. Kuma babu kuskure a ƙidayarsa. Matsalar daga salon gwajin take: ɗaya bayan ɗaya ba ya gano ribar abin da sai an haɗa yake biya.

Sannan a ɗaga farashin taki a hankali. A kuɗin buhu 7, 8 ko 9, manomin zai ci gaba da sayen duka biyu. A kuɗin buhu 10 ya yi canjaras, sayen duka biyu da barin duka biyu riba ɗaya suke bayarwa. Da zarar takin ya kai kuɗin buhu 11, sai ya bar taki, ya kuma bar sabon iri, alhali farashin iri ko motsi bai yi ba. Mai shagon iri ya rasa ciniki saboda abin da ya faru a shagon taki. Abin lura na biyu shi ne cewa zaɓin bai sauka a hankali ba, tsalle ya yi. Irin wannan tsalle ne tsohuwar hanyar lissafi ta kasa ɗauka.

Tarihi

Masana aikin gona sun riga masana tattalin arziki ganin abin. Carl Sprengel da Justus von Liebig, Jamusawa na ƙarni na 19, sun yaɗa ƙa'idar cewa sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa shi ke yanke wa shuka iyakar girma, komai yawan sauran. Wannan ita ce siga mafi tsanani ta cikon juna.

A tattalin arziki, Francis Edgeworth da Vilfredo Pareto sun bayyana kaya biyu a matsayin masu cikon juna idan samun ɗaya yana ƙara jin daɗin da ake samu daga ɗayan. A shekarar 1934 John Hicks da Roy Allen suka kawo suka: jin daɗi ba abu ba ne da ake aunawa da mudu, abin da ake iya gani kawai shi ne wanne mutum ya fifita a kan wanne. Don haka suka mayar da ma'anar kan farashi, wato yadda buƙatar wani kaya take amsawa idan farashin wani ya sauya. Paul Samuelson, a littafinsa Foundations of Economic Analysis na shekarar 1947, ya tsara kwatancen matsaya bisa lissafin kalkulas, kuma wannan hanya ce ta mamaye azuzuwa na shekaru da dama.

Hanyar kalkulas tana da sharuɗɗa masu nauyi. Tana so a iya gutsuttsura kowane zaɓi zuwa ƙananan ɓarɓashi, tana so riba ta kasance kamar tudu mai ƙololuwa ɗaya tak, tana so matsayar ta kasance a tsakiya ba a bakin iyaka ba. Injin ban-ruwa ba a sayen rabinsa, manomi da yawa kuma a kan sifiri suke tsaye wajen sayen taki. Topkis, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Stanford da ke Amurka a ƙarƙashin Arthur Veinott, ya nuna a wata maƙala ta 1978 a mujallar Operations Research cewa waɗannan sharuɗɗa ba su ne suke haifar da sakamakon ba. Tsari na gaba da baya, da kuma cikon juna, su kaɗai sun wadatar. Ya tattara aikin a littafinsa Supermodularity and Complementarity a 1998.

A shekarar 1990 Milgrom da Roberts suka yi amfani da wannan lissafi wajen bayyana dalilin da ya sa masana'antun zamani suke sauya abubuwa da yawa a lokaci guda: injuna masu saurin juyawa daga wani samfuri zuwa wani, ƙarancin kayan ajiya a sito, ma'aikata masu horo iri-iri, da saurin kai kaya. Kamfanin da ya kwaikwayi ɗaya ya bar sauran yana iya ƙarewa ƙasa da inda ya faro. A 1994 Milgrom da Shannon suka wallafa maƙalar Monotone Comparative Statics a mujallar Econometrica, wadda ta ba fannin sunan da aka san shi da shi. Milgrom ya sami kyautar Nobel a 2020 tare da Robert Wilson, amma saboda aikinsu a kan gwanjo ne.

Lissafin

Abu na farko shi ne raga. Idan zaɓi yana da ɓangarori biyu ko fiye, ba kowane zaɓi biyu ake iya jerawa a ce wannan ya fi wancan ba. Wani manomi ya sa buhu 2 na taki ya yi ban-ruwa sau 5, maƙwabcinsa ya sa buhu 4 ya yi ban-ruwa sau 3. Babu wanda ya fi ɗan'uwansa ta kowace fuska. Amma daga waɗannan biyun ana iya gina wasu biyu: haɗin sama, wanda yake ɗaukar mafi yawa a kowane ɓangare, wato buhu 4 da ban-ruwa sau 5, da haɗin ƙasa, wanda yake ɗaukar mafi ƙaranci, wato buhu 2 da ban-ruwa sau 3. Ana rubuta na farko x ∨ y, na biyu x ∧ y. Tarin zaɓuɓɓuka yana zama raga idan duk biyun da aka ɗauko daga cikinsa, haɗinsu na sama da na ƙasa suna ciki.

Abu na biyu shi ne ma'aunin riba, f, wanda yake ba kowane zaɓi lamba ɗaya. Ana kiransa sufamodula idan ga kowane x da y:

f(x ∨ y) + f(x ∧ y) ≥ f(x) + f(y)

Wannan shi ne lissafin 32 da 25 na gonar Kurfi, an dai cire buhunan an sa haruffa. Inda kalkulas yake aiki, sharaɗin ya yi daidai da cewa saurin ƙaruwar riba ta gefen wani abu ba ya raguwa idan an ƙara wani. Cire kuɗin kowane kaya daban-daban ba ya ɓata sharaɗin, shi ya sa cikon junan da ke cikin ƙasa yake bayyana a aljihu.

Abu na uku shi ne rata mai hauhawa, wadda take haɗa zaɓi x da yanayi t, wato abin da mai zaɓi ba shi da iko a kansa, kamar farashin masara a kaka. Sharaɗin shi ne: ribar da ake samu daga matsawa zuwa babban zaɓi ba ta raguwa idan t ya ƙaru.

Ƙa'idar Topkis ta ce: idan zaɓuɓɓuka raga ne, f sufamodula ne a kan x, kuma akwai rata mai hauhawa tsakanin x da t, to matsaya mafi riba ba ta sauka idan t ya hau. Idan matsaya mafi riba ta fi ɗaya, mafi girmansu da mafi ƙanƙantarsu duka ba sa sauka.

Hujjar, idan zaɓin ɓangare ɗaya ne, gajeriya ce ƙwarai. A ce a ƙaramin farashi manomi ya ga buhu 3 ne ya fi masa, a babban farashi kuma aka same shi da buhu 2, kamar ya koma baya. Tunda buhu 3 ne zaɓinsa a ƙaramin farashi, matsawa daga 2 zuwa 3 ba asara ba ce a can. Rata mai hauhawa ta ce ribar wannan matsawa ba ta raguwa idan farashi ya hau, saboda haka a babban farashi ma ba asara ba ce. Ke nan buhu 3 bai gaza buhu 2 ba a babban farashi, shi ma yana cikin mafi riba. Komawa bayan da aka gani, in ta faru, canjaras ne kawai. Babu kalkulas a wannan hujja, babu buƙatar tudu mai ƙololuwa ɗaya, kuma buhuna na iya zama guda-guda.

Gudummawar Milgrom da Shannon ita ce sassauta sharuɗɗan. Sun lura cewa hujjar ba ta yi amfani da girman rata ba, alamarta kawai ta duba, riba ce ko asara. Sai suka maye gurbin rata mai hauhawa da sharaɗin tsallakawa sau ɗaya: idan babban zaɓi ya fi ƙarami a wani yanayi, zai ci gaba da fin sa a duk yanayin da ya ɗara wannan. Suka kuma tabbatar cewa wannan sharaɗi, tare da wata sassauƙar siga ta sufamodula, shi ne daidai abin da ake buƙata, ba ƙari ba ragi, in ana so sakamakon ya tsaya ko yaya aka taƙaita zaɓuɓɓuka. Da haka aka amsa tsohuwar sukar Hicks da Allen, domin fifiko kawai ake kallo, ba a auna jin daɗi ba. Susan Athey ta faɗaɗa aikin a 2002 zuwa yanayin da ba a da tabbas, kamar manomin da zai sayi taki tun bai san yadda damina za ta kasance ba.

Madatsar ruwa ta Zobe

Dutsin-Ma da Kurfi ƙananan hukumomi ne maƙwabta a tsakiyar Jihar Katsina, kan hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta nufi Ƙanƙara. Noman damina ne ya fi yawa, gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, kuma ruwan sama na 'yan watanni ne. A irin wannan wuri ruwa shi ne abin da ya fi ƙaranci a yawancin shekara, darajar sauran kayan noma kuma a kansa ta rataya.

Madatsar ruwa ta Zobe, da ke kan kogin Karaduwa a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, an kammala gininta a shekarar 1983, a zamanin mulkin Shehu Shagari. Tana iya riƙe ruwa sama da mita miliyan 170 na awon cuki, kuma an yi ta ne don ruwan sha da noman rani na dubban hekta. Amma madatsa ɗaya ce kawai daga cikin kayan da suke cikon juna. Ruwan sha yana buƙatar matatar ruwa da bututu da wutar da za ta tura shi. Noman rani yana buƙatar magudanai, filin da aka daidaita, da hanyar fitar da amfani. Waɗannan sun daɗe ba a kammala su ba, kuma sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, shekara 38 bayan gama madatsar. A ma'aunin kuɗi an kashe kaso mai yawa tun farko, amma a ma'aunin amfani abin da aka samu bai kai wannan kaso ba. Darasin gonar Kurfi ne a babban sikeli, kuma yana nuna cewa aikin da aka bari a rabi ba a auna shi da abin da aka riga aka kashe, sai da ribar da cikon zai buɗe, wadda takan yi girma daidai saboda an riga an yi na farkon.

Manoman rani da ke jan ruwa da ƙananan injuna suna ba da misali na kwatancen matsaya kai tsaye. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, farashin hukuma ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 kowace lita cikin kwanaki. Ƙa'idar Topkis tana hasashen cewa ga mai injin fetur, in sauran abubuwa ba su sauya ba, ba ban-ruwa kaɗai zai ragu ba. Kamfa da yuriya da ingantaccen iri da faɗin filin da za a noma duk za su bi shi ƙasa ko su tsaya, domin kowannensu cikon ruwa ne. Famfo mai aiki da hasken rana kuwa madadin injin fetur ne, don haka buƙatarsa sama za ta yi. Akwai kuma wata ƙa'ida da Samuelson ya aro sunanta daga masanin kimiyyar sinadarai Le Chatelier, wadda Milgrom da Roberts suka sake tabbatarwa da lissafin raga a 1996: amsar dogon lokaci ta fi ta gajeren lokaci girma. Wanda tsadar mai ta same shi ya riga ya dasa tumatir ba shi da yadda zai yi sai ya shayar, ragin da zai yi kaɗan ne. A shekara mai zuwa ne zai rage fili, da ya rage fili kuma sai ya ƙara rage mai.

Shirye-shiryen noma sun daɗe suna aiki da wannan tunani ko da ba su kira shi da suna ba. Gajeriyar shinkafa IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 ta yi fice ne saboda tana ɗaukar taki mai yawa ba ta kwanta ba, sai dai ba ta nuna bajintarta idan babu taki da ruwa. Aikin raya noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya ya haɗa taki da iri da malaman gona da hanyoyin karkara. Shirin tallafi na gwamnatin tarayya da aka fara a 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, ya ba manomi buhu biyu na taki a rabin farashi tare da iri, ta hanyar saƙon wayar salula. Lokaci ma cikon taki ne: buhun da ya iso bayan masara ta yi bunƙasa ba shi da darajar wanda ya iso makonni kaɗan bayan shuka.

Cikon juna tsakanin mutane

Har yanzu mutum ɗaya ne yake zaɓin abubuwa da yawa. Idan mutane da yawa ne, kuma ƙoƙarin wani yana ƙara wa wani ribar yin ƙoƙari, ana kiran wannan cikon juna na dabara. Jeremy Bulow da John Geanakoplos da Paul Klemperer ne suka fito da sunan a 1985. Topkis a 1979, sannan Vives da kuma Milgrom da Roberts a 1990, sun nuna cewa a irin wannan yanayi akwai aƙalla matsaya ɗaya da babu wanda zai so ya sauya shi kaɗai, wato daidaiton Nash. Hujjar ta dogara da wata ƙa'ida da Alfred Tarski ya wallafa a 1955 game da raga. Sau da yawa matsayar ta fi ɗaya: akwai mafi girma, akwai mafi ƙanƙanta, kuma inda ƙoƙarin kowa yake amfanar sauran, ta sama ta fi wa kowa alheri. Duk da haka jama'a na iya maƙalewa a ta ƙasa, domin babu wanda zai fita shi kaɗai ya ci riba.

Ranar kasuwa haka take: mai saye yana zuwa ne don masu sayarwa za su zo, su ma don shi. Dillali ba zai turo babbar mota wurin da kwando goma ne kawai ba, manomi kuma ba zai faɗaɗa fili inda mota ba ta zuwa ba. Wanda hatsinsa ya riga na kowa nuna shi tsuntsaye suke taruwa wa, shi ya sa shuka a lokaci guda take rage wa kowa ɓarna. Misali mafi nauyi a wannan yanki shi ne na tsaro. Ƙananan hukumomin da ke kusa da dajin Rugu, ciki har da Safana da Batsari da Ɗanmusa da sassan Kurfi da Dutsin-Ma, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Gonar da ke nesa da gari ta fi haɗari ga wanda ya je shi kaɗai, don haka duk wanda ya janye yana ƙara wa na kusa da shi dalilin janyewa. Lissafin yana hasashen cewa barin gonaki zai iya ninka girman abin da ya jawo shi, kuma komawa ba lallai ta biyo bayan lafawar hari nan take ba, tunda kowa yana jiran ya ga wani ya fara.

Ba kowace hulɗa ce cikon juna ba. Manoman tumatir cikon juna suke wajen janyo dillalai, amma madadin juna suke wajen farashi, domin idan kowa ya tsinka a mako ɗaya kwando yakan faɗi warwas.

Iyakokin ƙa'idar

Sharaɗin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne na raga, kuma shi ne ya fi karyewa a ƙauye. A koma ga manomin Kurfi, a ce kuɗin buhu 6 kawai yake da shi a hannu a farkon damina. Zai iya sayen taki, zai iya sayen iri, amma haɗin sama, wato duka biyu a kan kuɗin buhu 8, ya fi ƙarfinsa. Zaɓuɓɓukansa sun daina zama raga, ƙa'idar Topkis ba ta aiki a kansa. Abubuwa biyu da suke cikon juna a cikin ƙasa sun koma kishiyoyi a aljihu, kuma mafi alheri gare shi shi ne kada ya sayi ko ɗaya, ya tsira da buhu 10. Wanda ya gan shi daga nesa zai ce ba ya son ci gaba, alhali rashin kuɗin buhu 2 ne ya raba shi da ribar buhu 4. Ta nan bashi, adashe, ko kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko gida suke shiga lissafin, su ma cikon taki da iri ne.

Iyaka ta biyu ita ce, da abubuwa uku ko fiye, dole kowane biyu su kasance cikon juna. Idan biyu ne kawai kuma madadin juna suke, akwai dabara: a juya sikelin ɗaya, a riƙa ƙirga raguwarsa a matsayin ƙaruwa, sai su koma cikon juna. Da uku waɗanda duk madadin juna ne, dabarar ba ta ci. Haka kuma cikon juna na iya tsayawa a wani iyaka: ruwa cikon taki ne har zuwa inda zai fara wanke shi daga ƙasa mai yashi.

Ta uku ita ce wahalar tabbatarwa. Ganin cewa masu sayen taki su ne masu sayen ingantaccen iri bai isa hujja ba, domin yana iya zama mai hali ne yake sayen komai. Hanyar da ta fi inganci ita ce gwaji mai kaso huɗu: a raba fili, wani kaso babu komai, wani taki kaɗai, wani iri kaɗai, wani duka biyu, a maimaita a wurare da yawa, a kuma bar ƙuri'a ta zaɓi wane kaso zai sami me. Ronald Fisher ne ya tsara irin wannan gwaji a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920, kuma da shi ake aiki a cibiyoyi kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da tsangayoyin noma na jami'o'i, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Abin da masana gona suke aunawa a matsayin tasirin haɗuwar taki da iri shi ne ratar buhu 7 ɗin nan, wato jimillar kaso na farko da na huɗu a cire jimillar na biyu da na uku.